SHIRIN DA MATA SUKA HANA A BINNE

'Yar'uwa, ko kin taɓa tambayar kanki wai wa ke yanke wa wasan kwaikwayon talabijin hukuncin kisa? Shiri yana cikin tashensa, kin saba da mutanen ciki har kin san wadda za ta yi kuka da wanda zai shirga ƙarya, rana ɗaya sai ki kunna akwati ki tarar an sa wani abu daban a gurbinsa. Ba sallama, ba bayani. Wasu su ce kuɗi ne suka ƙare, wasu su ce 'yan wasan ne suka saɓa, wasu kuma su ce ai dama ba shi da masu kallo. Ke kuwa ki ce to ni fa, ba mai kallo ba ce?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta sa na ɗauko tarihin wani shiri na ƙasar Amurka mai suna Cagney & Lacey, wanda aka nuna daga 1982 zuwa 1988. Sau biyu ana haƙa masa kabari yana tsallakewa, kuma a karo na biyu mata ne irinmu, daga masu zuwa ofis har masu zaman gida, suka ɗauki biro da takarda suka ce ba su yarda ba.

Amma sai mun fara sanin yadda kasuwar take, in ba haka ba za mu yi ta ɗora laifi inda ba nan yake ba.

A wancan zamani manyan gidajen talabijin uku ne suka riƙe Amurka, wato ABC da CBS da NBC. Ba na gwamnati ba ne, na 'yan kasuwa ne, kuma mai kallo ba ya biyan ko sisi. To ina suke samun kuɗin biyan 'yan wasa da masu ɗaukar hoto? A wurin masu talla. Mai kamfanin mota ko na man shafawa zai biya kuɗi a sa tallarsa ta rabin minti a tsakiyar shiri, kuma yawan abin da zai biya ya danganta da yawan idanun da ke kan akwatin a wannan lokaci. Kin ga ke nan abin da gidan talabijin ke sayarwa ba shirin ba ne. Shirin tsaba ce da ake watsa wa kaji. Ke da kike zaune kina zaton ke ce mai saye, ashe ke ce hajar da ake ciniki a kanta. Kuma wannan ba sabon abu ba ne, don tun a shekarun 1930 kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ke ɗaukar nauyin wasannin rediyo na rana saboda sun san matan gida ne ke saurare, su ne kuma ke sayen sabulu. Shi ya sa har gobe sunan da Turawa ke kiran irin waɗannan wasanni masu dogon zango yake da kalmar sabulu a ciki.

To wa ke ƙirga idanun? Wani kamfani ne mai suna Nielsen, wanda Arthur Nielsen ya kafa a birnin Shikago a 1923, ya kuma fara auna masu kallon talabijin a 1950. Dabararsu ita ce su zaɓi wasu gidaje su maƙala wata 'yar na'ura a jikin akwatinsu, ita ke rubuta lokacin da aka kunna da tashar da aka kama. A farkon shekarun 1980 gidajen da ke da wannan na'ura ba su kai 2,000 ba, alhali gidajen da ke da talabijin a ƙasar sun haura miliyan 80. Lissafa da kanki. Gida ɗaya yana magana da bakin gida sama da 40,000. Idan matar wannan gida ta tashi ta murɗa tasha don maigida ya dawo yana son kallon ƙwallo, to a takardar Nielsen dubban gidaje ne suka juya wa shiri baya.

Ni dai ban ce dabarar banza ba ce. Mai girki ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa, matuƙar an juya miyar da kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar akwati take ƙirgawa, ba mutum ba. Ba ta san ko wa ke zaune a gabansa ba, ba ta san ko ɗakin ba kowa ba, balle ta san bambancin wadda ta bar shiri yana ta surutu tana can tana wanke-wanke da wadda ta yi mako guda tana ɗokin zuwan ranarsa. Akwai wasu 'yan littattafai da ake raba wa wasu gidaje su riƙa rubuta wanda ya kalli me, amma kin san halin ɗan Adam da mantuwa. Lamba biyu ake fitarwa: ɗaya tana nuna kashi nawa cikin ɗari na duk gidajen da ke da akwati suka kalli shirin, ɗayar kuma kashi nawa cikin akwatunan da ke kunne a wannan sa'a. Da waɗannan lambobi biyu ake raya shiri, da su ake kashe shi.

Yanzu ga labarin.

A 1974 wasu marubuta mata biyu, Barbara Avedon da Barbara Corday, suka rubuta labarin 'yan sanda mata biyu ƙawaye da ke aikin binciken laifi a birnin Niyok. Wanda ya tsaya musu shi ne wani mai shirya fim, Barney Rosenzweig. Abin da ya tunzura su shi ne an sha yin fina-finan aminai maza biyu masu aiki tare, amma ba a yi na mata ba. Suka yi ta yawo da takardun nan kamfani-kamfani, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Shekara bakwai cur labari na kwance. Sai a watan Oktoba na 1981 gidan CBS ya yarda aka yi shi fim ɗaya na talabijin, Loretta Swit ta fito a matsayin Cagney, Tyne Daly kuma Lacey. Mujallar mata ta Ms., wadda Gloria Steinem ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta sa hotonsu a bangonta. Daren da aka nuna fim ɗin, cikin kowace akwati 100 da ke kunne, 42 shi suke kallo. Nan take waɗanda suka yi shekaru suna yatsina fuska suka ce a mai da shi shirin mako-mako.

Me ke cikinsa da har ya kama zuciya haka? Harbi da tseren mota akwai, amma ba su ne ƙashin bayansa ba. Christine Cagney ba ta da aure, ga zafin nema, ga baki, burinta ta hau muƙami, mahaifinta tsohon ɗan sanda ne da giya ta yi wa illa. Mary Beth Lacey kuwa matar aure ce mai 'ya'ya maza biyu, mijinta Harvey magini ne, wani lokaci da aiki wani lokaci babu. Ta kama ɓarawo da rana, da dare ta dawo ga kwanuka, ga yaro bai yi aikin makaranta ba, ga kuɗin haya. Ofishinsu duk maza ne, don haka in magana ta ci su sai su shige banɗakin mata su rufo ƙofa, nan suke faɗa, nan suke shiryawa, nan suke kuka. Duk macen da ta taɓa jan ƙawarta gefe a gidan biki don ta amayar da abin da ke ranta ta san wannan ɗaki.

Sai dai tun ba a je ko'ina ba aka fara tuntuɓe. Loretta Swit tana da yarjejeniya da wani shahararren shiri, M*A*S*H, ba a sake ta ba. Aka ɗauko Meg Foster ta zama Cagney, aka fara nunawa ranar 25 ga Maris 1982, daren Alhamis. Lambobi suka fito ba daɗi. Bayan fitowa kaɗan CBS ta janye shi. Rosenzweig ya dage cewa ba shirin ne ba a so ba, lokacin da aka ba shi ne bai dace da masu sonsa ba. Da ƙyar aka ba shi daren Lahadi guda ɗaya a watan Afrilu don a gwada, sai ga lamba ta yi sama. Shiri ɗaya, 'yan wasa ɗaya, rana kawai aka canza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa lambar nan ba kyau ko muni take aunawa ba.

CBS ta ce to an ji, za a ci gaba, amma da sharaɗi: a cire Meg Foster. Wani babban jami'in gidan da ya ɓoye sunansa ya shaida wa mujallar TV Guide cewa matan nan biyu sun cika tauri, ba su da laushi irin na mata, har da wani shaguɓe na ɓatanci da ba sai na maimaita shi a nan ba. Oh ni 'yasu! Mace tana bin mai kisan kai a lungu, so ake ta yi rangwaɗa? Masu kallo da yawa ransu ya ɓaci, suka rubuto suna cewa an zalunci Foster. Wadda ta bi shirin Labarina ta ga ƙurar da ta tashi lokacin da aka canza fuskar Sumayya, ta san irin wannan zafi. Aka kawo Sharon Gless, wadda dama ita masu shirin suka so tun farko amma tana ɗaure da wani kamfani. Gaskiya ɗaya ce, dalilin da aka bayar na cire Foster ba shi da daɗin ji, amma Gless ta riƙe matsayin nan riƙon da ya sa yau in an ce Cagney fuskarta ake gani. (Ga masu son gulma: Rosenzweig ya auri Corday marubuciya a 1979, bayan sun rabu kuma ya auri Gless a 1991. Mu bar wannan a nan.)

Zango na biyu aka mai da shi daren Litinin ƙarfe goma. Dabara ce, don a watannin ƙarshen shekara gidan ABC na nuna ƙwallon Amurka a daren, wadda ke kwashe maza, CBS kuma na fatan ta tattara matan. Masu sharhi a jaridu suka yaba, amma lamba ta tsaya tsaka-tsaki, ba ta mutu ba ba ta yi rai ba. A watan Mayu 1983 aka sanar an soke shi. An sallami 'yan wasa, kowa ya kama gabansa.

A nan ne Rosenzweig ya yi abin da ba a saba gani ba. Ashe duk wasiƙun da masu kallo ke aiko masa yana adanawa da adireshinsu. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda, yana cewa ga abin da ya faru, shi ba shi da sauran iko, amma su in suna so su rubuta wa CBS, su kuma rubuta wa jaridu. Ƙungiyoyin mata suka shigo, ciki har da babbar ƙungiyar nan ta NOW. Wata malamar makaranta a jihar Mishigan, Dorothy Swanson, wadda ba ta san kowa a harkar fim ba, ta zage damtse tana rubutawa tana kuma sa dangi da abokan arziki su rubuta. Ki tuna babu wayar hannu, babu intanet. Sai ki sami takarda, ki zauna ki tsara magana, ki sayi kan sarki, ki taka zuwa gidan waya. Wasiƙu suka riƙa kwarara dubbai. Jaridu suka ga labari ya samu, suka yi ta bugawa.

Ana cikin haka sai abu biyu suka faru. A Amurka in bazara ta yi akan maimaita tsofaffin fitowa kafin sababbin shirye-shirye su fara. Mutanen da suka ji ana ta surutu a kan wani shiri da aka kashe sai suka ce bari mu gani, lambar maimaicin ta yi tashin da sabon bai taɓa yi ba, har ya shiga sahun gaba. Sannan a watan Satumba 1983 Tyne Daly ta ci kyautar Emmy, wadda ita ce mafi girma a harkar talabijin ta ƙasar, a matsayin gwarzuwar 'yar wasa. Kunya ta kama CBS: ga kyauta a hannu, ga shiri a kabari. Dole aka koma teburin ciniki da 'yan wasan da aka riga aka sallama. A watan Maris 1984 Cagney & Lacey ya dawo da fitowa bakwai, kuma a lissafin wannan kaka ya shiga cikin goma na farko.

To ga inda gardamar take, kuma har yau ba ta mutu ba. Wasu sun ce wasiƙu ne suka cece shi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wasu sun ce a'a, daɗin baki ne kawai, ɗan kasuwa ba ya karanta wasiƙa, lamba yake karantawa, da maimaicin bazara bai yi kasuwa ba da ko an cika ofishin CBS da takardu har rufi ba abin da zai canza.

Ni a ganina masu magana ta biyu sun fi kusa da gaskiya, amma sun manta wani abu. Wa ya kawo lambar? Ai surutun wasiƙun ne ya kai jarida, jarida ta kai kunnen wanda bai taɓa kallo ba, shi kuma ya kunna akwati. Sannan wasiƙun sun faɗa wa CBS abin da na'urar Nielsen ba ta iya faɗa, wato su wane ne masu kallon. Wata malamar jami'a, Julie D'Acci, ta bi waɗannan wasiƙu ta yi nazarinsu a littafin da ta fitar a 1994, kuma abin da ya yi ta fitowa a ciki shi ne mata suna cewa sun ga kansu a cikin matan nan biyu. A shekarun nan mata na ta shiga aikin albashi a Amurka, suna da kuɗin kansu, su ke cefane, su ke zaɓen abin da za a saya a gida. Irin waɗannan su ne mai talla ke nema ido rufe, musamman 'yan shekara 18 zuwa 49. Don haka kada mu ruɗi kanmu cewa tausayi ne ya kama manyan CBS. An nuna musu ne cewa hajar da suka zubar tana da tsada. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne hajar ce da kanta ta buɗe baki ta faɗi kuɗinta.

In kina son ki gane cewa wasiƙa kaɗai ba ta isa ba, dubi wasu biyu. A 1968 masoyan Star Trek, bisa jagorancin wata mata Bjo Trimble da mijinta John, sun yi wa NBC ruwan wasiƙu har gidan ya sanar a kan akwati cewa shirin zai dawo. Ya dawo ɗin, amma aka jefa shi daren Juma'a ƙarfe goma, lokacin da matasan da ke sonsa ba sa gida, aka kuma rage masa kuɗi. A 1969 ya tsaya da fitowa 79. Na biyun ma ya fi ban dariya. A 2007 CBS ta soke wani shiri mai suna Jericho, sai masoyansa suka ɗauko wata kalma da jarumin ya faɗa a fitowar ƙarshe, wadda a Turanci take kuma nufin gyada da danginta, suka yi ta aika wa ofishin gidan gyada har wajen tan 20. Mu da iyayenmu suka ga dalar gyada a Kano ma ce wannan ai somin taɓi ne, amma a ofishin Niyok abin ya zama tashin hankali. Aka ba su fitowa bakwai a 2008, lamba ba ta ɗaga ba, aka sake rufewa. Fitowa bakwai aka ba Cagney & Lacey, bakwai aka ba Jericho. Ɗaya ya zo da sababbin masu kallo, ɗaya kuma da waɗanda dama yake da su.

Shi kuwa namu, da ya samu ya miƙe, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Shekara shida a jere, daga 1983 zuwa 1988, kyautar Emmy ta gwarzuwar 'yar wasa ba ta bar hannun matan nan biyu ba: Daly sau huɗu, Gless sau biyu, a 1986 da 1987. Shirin kansa ya zama zakara a 1985 da 1986. Kuma a waɗannan shekarun da aka ƙwato ne aka yi labaran da aka fi tunawa da su. A 1985 Lacey ta ji ƙullutu a ƙirjinta, tsoro ya sa ta yi ta jan ƙafa, har ƙawarta ta matsa mata ta je asibiti aka gano cutar daji ce ta mama. Aka nuna Cagney tana ƙarar wani babba a wurin aiki da ya nemi ya yi amfani da muƙaminsa ya neme ta. Aka nuna Lacey da ciki har ta haifi 'ya mace, don a lokacin Tyne Daly cikin gaske gare ta. Daga baya aka nuna yadda giyar da ta ci uban Cagney ta kama ita ma, da yadda ta yi fama kafin ta yarda tana da ciwo. Da an binne shi a 1983, duk wannan babu.

An rufe shi a watan Mayu 1988 bayan fitowa 125, aka kuma sake haɗa matan biyu a fina-finai huɗu tsakanin 1994 da 1996. Kafin nan, a 1987, Nielsen ya kawo sabuwar na'ura mai maɓallai, kowane ɗan gida da nasa, in ya zauna kallo ya danna, don a san mace ce ko namiji, yaro ne ko babba. Yau kuwa mai kallon Izzar So ko wani shiri a YouTube tana ganin adadin waɗanda suka kalla rubuce a ƙarƙashin hoton, ita da mai shirin da mai talla duk lamba ɗaya suke dubawa, abin da matan 1983 sai dai su jira jarida ta gaya musu.

Malama Dorothy Swanson ba ta koma ta zauna ba. A 1984 ta kafa ƙungiyar masu kallo mai suna Viewers for Quality Television, wadda aikinta shi ne tsaya wa shirye-shirye masu ma'ana da lamba ke neman kayarwa. Suna cikin waɗanda suka yi wa CBS ca lokacin da ta jingine Designing Women, wani shirin barkwanci na mata huɗu masu sana'ar ƙawata ɗaki da aka fara a 1986, kuma shi ma ya dawo ya kai har 1993. Wasu shirye-shiryen sun yi musu yaƙi sun sha kaye. Ƙungiyar ta yi ta tafiya da kuɗin da 'ya'yanta ke tarawa, tana ba da nata kyaututtukan duk shekara, har wajen shekarar 2000 da aka rufe ta.